Zuwa Ga Sarkin Maƙogwaron Zazzau: Baƙo Fa Ba Boka Ba Ne

Sarkin Maƙogwaron Zazzau, Malam Do-Re-Mi, gwanin dukan iska da sanda, ina gaisuwa. Kada kanka ya kumbura, ba don ka isa ba ne. Mu Kanawa tun muna yara aka hore mu da tausayin bayinmu, ko da kuwa sun yi boko sun fara sa kwat a tsakiyar bazara. Yaya iyali? Yaya maiɗakinka, baiwar Allah mai haƙuri, wadda ta yi shekara da shekaru tana jin ka kana gwada murya a banɗaki tun asuba, ba ta taɓa yin yaji ba? Ka gaishe ta. Ita kam ladanta yana wurin Allah.

Takardar nan da ka rubuta domin masu sha'awar shiga ƙungiyar mawaƙanku ta unguwa ta iso Kano, hannu zuwa hannu, waya zuwa waya. An ce saboda baƙi ka yi ta: ɗalibin da ya zo Samaru karatu, ma'aikaciyar jinyar da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Shika, amaryar da aka kawo Tudun Wada ba ta san kowa ba, dattijon da ya yi ritaya zaman gida ya ishe shi. Niyya mai kyau. Na yaba, har na ce yau dai Bazazzagi ya yi abin kai. Sai na karanta.

Shafi na farko hotonka ne, ka ɗaga sanda, ka lumshe ido, ka wage baki har ana hango abin da ka karya kumallo da shi. Shafi na biyu tarihinka ne: inda aka yanke cibiyarka, firamaren da ka yi, ranar da wani Bature ya ji muryarka ya ce ba laifi, da duk kwas ɗin da ka halarta, har da wanda ka je ka tarar an ɗage. Shafi na uku sunayen manya: shugaba, mataimaki na ɗaya, mataimaki na biyu, sakatare, ma'aji, mai binciken ma'aji, uban ƙungiya, uwar ƙungiya, da mai ba uwar ƙungiya shawara. Na dubi jerin masu muƙami, na dubi hoton taronku na bara, sai na ga ashe kowa shugaba ne in ban da yaron da ke ɗauko benci. Can a ƙasan shafi na huɗu, da 'yan mitsi-mitsin baƙaƙe, ka rubuta cewa ana koyon waƙa “a inda muka saba, a lokacin da muka saba.”

Malam, su wa suka saba? Wanda ya saba ai ba ya bukatar takarda. Wanda bai saba ba kuma, ka ba shi hotonka ya yi yaya da shi? Ya nuna wa 'yan acaɓa ya ce su kai shi wurin mai bakin nan?

Abin da nake so in cusa a cikin kan nan naka ke nan, in akwai sauran wuri bayan do da re: baƙo ba boka ba ne. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Tambayoyinsa kuma ba su da yawa. Ina ne? Yaushe? Nawa? Za a karɓe ni da muryata yadda take? Wa zan tarar a ƙofa? Kai da ka daɗe a ciki ka manta cewa waɗannan tambayoyi ne, domin ƙafarka ce take kai ka ba kanka ba. Shi kuwa kowace ɗaya ta isa ta zaunar da shi a gida, kuma ba zai aiko maka da dalili ba.

Mu fara da Turancin da ka rubuta takardar da shi. Kai jama'a! Na san ku Zagezagi, tun da aka dasa muku jami'a a 1962 kuka daina roƙon ruwan sha da Hausa. Jimla ɗaya taka sai mutum ya tsaya ya huta a tsakiya, ya sha ruwa, ya ci gaba. Amma ka tuna, a ƙasarku ne, a Wusasa, aka gina majami'a da ƙasa a 1929, ginin Hausa sak, tana nan har yau. A ƙasarku ne Likita Mila, wato Walter Miller, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana fama da fassara, har Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932. Bature ya baro Ingila ya sha wahalar koyon harshenka don talaka ya gane, kai ɗan gida kana shan wahalar guje masa don kada a gane. Ka rubuta da Hausa, ka sa Turanci mai sauƙi a gefe saboda ɗalibai 'yan kudu. Ko da Hausar taku ce ta Zazzau, wadda namiji ya zo mace ma ya zo, za mu yi haƙuri, ma gane daga ɗankwali.

Sai kwatance. Wani da ya matsa ya tambaye ka, ka ce ya bi ta gindin mangwaron nan, ya sha kwana wurin mai tsire. Mangwaron an sare shi tun zamanin mulkin soja. Mai tsiren kuma ba ya kafa tukuba sai bayan magariba, lokacin kun tashi. Bawan Allah ya yi ta zagaye, yana jin muryoyinku daga nesa, iska tana kawowa tana ɗaukewa, har ya haƙura. Ka rubuta sunan unguwa da sunan layi. Ka faɗi makarantar da kuke aron ajinta. Ka faɗi cewa babbar ƙofa a kulle take bayan an tashi yara, ta ƙaramar ƙofar baya ake shiga, kuma ka gaya wa maigadi ya san da zuwan baƙi, kada ya tare su da gora. Ka faɗi abin da mutum zai ce wa mai keke ko ɗan acaɓa, da hanyar da ake bi da damina in kwatar nan ta cika. Ran koyon waƙa ka manna 'yar takarda a ƙofar ajin. Duk wannan bai kai rabin tarihin firamarenka tsawo ba.

Lokaci kuma, “da yamma” ba lokaci ba ne. Yammar Bazazzagi tana farawa daga azahar ta ƙare bayan lisha. Ka faɗi rana, ka faɗi ƙarfe nawa ake farawa, sannan wanda ya fi muhimmanci, ƙarfe nawa ake tashi. Matar aure ba za ta fito ba sai ta san yaushe za ta koma kan tukunya. Uba ba zai bar 'yarsa ba sai ya san da sauran haske za ta dawo. Mai aikin dare yana da inda ake jiransa. Akwai wata ƙungiyar mawaƙa a Huddersfield, garin masaƙu a arewacin Ingila, an kafa ta a 1836, har yau tana nan da ranta. Waɗanda suka kafa ta sun ɗora ranar haɗuwarsu a kan farin wata, don kowa ya ga hanyar komawa gida da dare, tunda a ƙasa ake takawa. Ka ga masu hankali, sun san mai waƙa mutum ne mai gida da ƙafafu, ba maƙogwaro kaɗai ba. Sun kuma rubuta dokokinsu baro-baro, har da tarar makara da tarar wanda ya zo a buge. Ta biyun ban ce ka kwaikwaya ba, kada masu muryar bes ɗinku su watse. Ta farkon ma ina jiye maka, don in aka fara karɓa, da kuɗinka kaɗai za a sayi sabon kibod.

Mu zo kan kuɗi, inda na san za ka ce ga Bakano ya iso gida. Na iso ɗin. Ka rubuta wai shiga kyauta ce. Gaskiya ne, shiga kyauta ce, zama ne ke da tsada. Makon farko kuɗin rajista. Na biyu kuɗin man janareta. Na uku kuɗin fotokwafi. Na huɗu anko, ga gudummawar bikin 'yar ma'aji wadda baƙon bai taɓa sa wa ido ba. Ka shigo Kantin Kwari ka ga yadda ake yi. Yaron shago zai taro ka tun daga bakin layi, ya ba ka kujera, ya kawo ruwa, ya faɗa maka kuɗin yadi kafin almakashi ya taɓa shi. Ba don ya fi ka kirki ba, ko da yake ya fi ka. Ya dai san wanda aka yanka wa yadi kafin a faɗa masa kuɗi ba ya dawowa, kuma sai ya hana wasu zuwa. Ka rubuta abin da ake biya a wata da abin da ake yi da shi, ka rubuta kuɗin anko da lokacin da ake bukatarsa. Sannan ka ƙara layi ɗaya: wanda ba shi da hali ya zo, a yi magana a gefe. Ɗalibin da ke auna garin kwaki da cokali ba zai taɓa ɗaga hannu a cikin mutane ya ce ba shi da shi ba. Zai dai daina zuwa, kai kuma ka zauna kana cewa yaran yanzu ba su da himma.

Akwai kuma abin da baƙo ke jin nauyin tambaya, kai kuma ka yi gum. Ƙungiyar ta wata majami'a ce, ko ta duk wanda ke unguwa? Sai ɗan ɗarika kaza, ko kowa? Da wane harshe ake waƙa, Hausa, Turanci, ko har da na garuruwan membobi? Yaro ɗan sakandare zai iya shiga? Mai furfura fa? Wanda aikinsa na canji ne, mako yana nan mako ba ya nan, za a karɓe shi ko za a riƙa harararsa? Mutum zai iya zuwa ya zauna ya saurara kawai ranar farko, in bai yi masa ba ya tafi ba tare da an bi shi gida da wa'azi ba? Kowace amsa layi ɗaya ce. Ka san su duka, rowar Zagezagi ce kawai ta hana ka faɗa.

Yanzu ga babban laifinka, wanda ya kamata a kai ka gaban Sarkin Kano a kansa. Ka rubuta cewa duk mai son shiga dole ya iya karanta solfa. Malam Do-Re-Mi, ka kuwa san asalin abin da kake tare mutane da shi? Zauna Bakano ya koya maka sana'arka. Tun a ƙarni na 11 wani malamin coci a Italiya, Guido na garin Arezzo, ya laƙaba wa matakan murya sunaye don yaran da yake koyarwa su daina shafe shekaru suna haddar waƙa da ka. Bayan ƙarnuka, wata mace a garin Norwich na Ingila, Sarah Glover, 'yar wani limamin coci, ta sauƙaƙa tsarin saboda yaran da take koya wa waƙa. Wani fasto mai suna John Curwen ya ɗauka daga wajen 1841, ya gyara, ya baza shi ko'ina, har ya zama baƙaƙen nan bakwai da kake cika allo da su: d, r, m, f, s, l, t. Dalilinsu a fili yake. Rubutun waƙa na Turawa, mai layi biyar-biyar da ɗige-ɗige masu jela, ya yi wa masaƙa da 'yan ƙwadago da yaran makarantar Lahadi wuya, baƙaƙe kuwa kowace maɗaba'a tana iya bugawa da araha. Da shi 'yan mishan suka shigo ƙasar nan, shi ya sa har yau mawaƙan coci a Najeriya da shi suke koyo. Wato an ƙirƙiro solfa ne don wanda bai iya ba ya samu shiga. Kai kuma ka karɓa ka mai da shi sharaɗin shiga. In mutum ya riga ya iya, me zai zo nema a wurinka, kallon sanda? Ka goge layin nan. Ka rubuta: ba sai ka iya komai ba, za mu koya maka.

Sai gwajin murya. An ba ni labarin yadda kake yi, kuma mai ba da labarin har yau in ya tuna sai gumi ya karyo masa. Baƙo ya shigo, ko zama bai yi ba, ka buga tebur, kowa ya yi tsit, ka ce ya fito gaba ya rera wani abu. 'Yan matan sofarano suna ƙunshe dariya a cikin gyale, kai kana zagaya shi hannu a baya, kana girgiza kai kana tsaki. Haba Sarki! Mutumin da bai taɓa waƙa ba sai a banɗaki, inda kai ma ka fara kuma har yau ba ka bari ba, ai maƙogwaronsa ƙullewa zai yi ko da Allah ya ba shi murya. Abin da ake bukata kaɗan ne. Ka ja shi gefe, ku biyu da kibod, ya bi ka daga ƙasa zuwa sama, ka ji inda muryarsa ta zauna daram da inda ta fara shaƙewa. Shi ke nan ka san ko murya ta ɗaya ce, ko ta biyu, ko ta uku, ko ta huɗu, wato sofarano da alto da tena da bes a bakinku na 'yan boko. Kuma tun a takarda ka gaya masa ba jarrabawa ba ce, wurin zama ake nema masa.

Ranar farko ma da dabararta. Kada ka tura baƙo bencin baya shi kaɗai kusa da taga. Ka zaunar da shi kafaɗa da kafaɗa da wanda ya fi kowa riƙe muryar sashensu, domin a waƙa kunne ya riga ido koyo. Ka ba shi takardar waƙa tasa, ba ya riƙa leƙen ta maƙwabci yana murɗa wuya ba. Kuma don Allah ka fara da waƙa mai amshi. Me ya sa duk ƙasar Hausa ta iya waƙoƙin Shata, alhali ba wanda aka koya wa a allo? Amshi. Shi ya ja, 'yan amshi su mayar, kalangu na tafe, kafin a zagayo sau uku mai sauraro ya shiga ciki bai sani ba. Je ka ka ga matan Zumunta a coci. Sabuwa ta zo yau, an miƙa mata kacau-kacau, an buga tulu, mai ba da waƙa ta ɗaga murya, kafin a tashi ta zama 'yar gida. Su ba su je kwas ba, amma ban taɓa jin suna kukan rashin mutane ba. Kai kuwa ranar farko sai ka ɗora wa bawan Allah waƙar Handel, muryoyi huɗu suna bin juna a guje kowa da inda ya nufa, ya fita yana tambayar kansa laifin me ya yi.

Ga wata kuma da wayar hannu ta sauƙaƙa. Ka sa gwanin kowane sashe ya rera nasa shi kaɗai, a hankali, a naɗa, a tura wa sababbi ta WhatsApp su riƙa saurara a hanya ko wurin wanki. Gwanin sashe na ce, ban ce kai ba. Na ji wanda ka naɗa da kanka: dogon bayani, sai tari, sai gyaran murya, sai wani bayanin, waƙar ba ta iso ba sai da data ta ƙare. Ka kuma gaya musu su riƙa zuwa da ruwan sha, musamman da hunturu, lokacin da ƙura ke busar da maƙogwaro. Sannan ka daina korar maza da fuska. Ƙungiyoyin mawaƙa ko'ina kukan ƙarancin maza suke yi, balle masu tena. Kai Allah ya kawo maka namiji har ƙofa, ka tsaya tambayarsa takardar shaida daga ƙungiyar da ya baro.

Baƙi kuma ba masu son shiga kaɗai ba ne. Akwai masu zuwa sauraro ran bikinku na Kirsimeti, su ma ka bar su a duhu. Tunda Handel kake ji da shi, bari in ba ka labarinsa. Ranar 13 ga Afrilu 1742 aka fara rera waƙarsa Messiah a birnin Dublin, a wani zaure da ke titin Fishamble. Zauren na mutum 600 ne. Masu shirya taron suka buga sanarwa a jarida, suna roƙon mata kada su sa ƙawanyar nan da ake sakawa a ƙarƙashin siket don ya baje, maza kuma su bar takubbansu a gida. Da wannan 'yar sanarwa aka shigar da mutum 700. An tara wajen fam 400, aka raba wa ayyukan jinƙai uku, har aka fito da mutum 142 da bashi ya kai kurkuku. Ka duba abin da suka ga ya dace a gaya wa mai zuwa tun yana gida: me zai sa, me zai bari.

Kai ma kana da naka masu ƙawanyar. Ka roƙi iyayenmu mata masu gwaggwaro mai hawa uku su taimaka su zauna ta gefe, na bayansu ma kallo ya zo. Ka faɗa ko ana zuwa da yara. Ka faɗa ko da tikiti ne, ko faranti za a zagaya da shi, don mutum ya zo da canji kada ya sha kunya. Ka roƙa a kashe ƙarar waya. Ka yi bayani cewa in an zo Halleluyar Handel al'ada ce a miƙe tsaye, kada rabin zaure ya tashi don girmamawa, rabi ya zaci an gama ya nufi ƙofa. Ka faɗa ko akwai matakala, da ƙofar da mai keken guragu zai bi, da inda tsoho zai zauna kusa ya ji, da inda banɗaki yake. Ka buga tsarin taron da manyan baƙaƙe, don masu tabarau su ne masu gudummawa mai kauri, ka tambayi ma'aji. Af, a jerin waƙoƙinku har yanzu taken ƙasa na 1978 ne. An sauya shi tun 29 ga Mayu 2024, an koma na 1960. Ko labarin bai iso Zariya ba? Ka yi haƙuri, ta Kano ya fara biyowa yadda duk abin kirki yake yi, yanzu haka ya tsaya shan rake a Maƙarfi.

Lambar wayar da ka sa a ƙarshe kuma ta wa ce? An kira, a kashe. An sake kira, wata tsohuwa ta ɗauka ta ce mai wayar ya koma Kafanchan tun bara. Ka sa lambar mutumin da ke ɗauka, mai sakin fuska har a murya, wanda in an tambaye shi abin da ke rubuce a takarda ba zai ce “ba ka karanta ba ne?” Wato ba kai ba. Akwai dattijuwar nan ta cikin alto da kowa ke kira Mama, wadda ta san sunan kowa da na 'ya'yansa, ta san wanda ya yi zazzaɓi da wadda ta haihu. Rabin waɗanda suka zauna a ƙungiyar nan saboda ita suka zauna, kai kana zaton sandarka ce. Ka roƙe ta, in ta yarda ka sa lambarta, ka riƙa sa mata kati, ta riƙa tsayawa a bakin ƙofa kafin a fara. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kai kuwa ba fuskar, ba tabarmar.

To, kada ka je ka kwanta da ciwon kai, zo in lallashe ka. Tsakani da Allah, Sarkin Maƙogwaro, abin da kake yi ba ƙarami ba ne. Ba albashi, ba alawus, ka tara tela da malamar makaranta da makanike da ɗalibi, Bahaushe da Bajju da Tibi da Ibo da Bayarabe, mutanen da in ba don kai ba sai dai su wuce juna a hanya, ka sa su ja numfashi lokaci ɗaya. A jihar da ta ga abin da ta gani na rigingimu, wannan aiki ne. Na taɓa jin ku, kuma da aka zo inda muryoyin huɗu suka haɗu, tsigar jikina ta tashi. Na ce sanyin fanka ne, don kada ka ji daɗi. Shi ya sa abin yake ba ni haushi, kana da abu mai kyau kana ɓoye wa masu nemansa. A Uyo, cikin Disambar 2014, mutum 25,272 suka taru a filin wasa suka rera waƙoƙin Kirsimeti tare, har suka shiga kundin Guinness. Ba wanda ya ce ka kamo su. Bencinan nan na baya da ƙura ta rufe, su nake so in ga an cika. In kuwa ka ci gaba a haka, tsofaffi suna gajiya, ɗalibai suna gama karatu suna tafiya, wata rana za ka ɗaga sanda ka buɗe ido ka tarar kai kaɗai ne a ajin. Ɗan Maraya Jos ya yi waƙa shi kaɗai duniya ta saurara, amma shi yana da kuntigi, kuma yana da murya.

Ga jinga na ba ka. Shafi ɗaya tak. A sama ka rubuta cewa kowa na iya zuwa, ba sai ya iya solfa ba. Sai wuri da kwatance, rana da lokacin farawa da na tashi, abin da ake biya, abin da za a zo da shi, abin da zai faru ranar farko, da lambar Mama. Hotonka in ya zama dole, ka rage shi ya koma girman na katin zaɓe, kuma ka rufe baki. In ka gama kada ka kai wa mataimaki na biyu ya duba, shi ya saba. Ka je Kwangila ka nemi ɗan acaɓan da bai taɓa jin sunanka ba, ba za ka sha wahalar samu ba. Ka miƙa masa takardar, ka hau baya, ka ja bakinka ka yi shiru. In ya sauke ka a ƙofar ajin, ka ci. In ya kai ka Giwa ko Soba, ka sauka ka nemi inuwa ka sake rubutawa a can.

Na san za ka mayar da martani, ka ce me Bakano ya sani a waƙa in ban da ƙarar injin ƙirga kuɗi. Bismillah, fili naka ne, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Kuɗin acaɓa dai kai za ka biya, zuwa da dawowa. Shawara ce kaɗai nake bayarwa kyauta, ita ma don na duba na ga ba za ta sayu a Zariya ba.